Fausto Coppi: Gwanin Tseren Keke da Mutanen da Suka Tsaya a Bayansa

Gabatarwa

A ƙasar Italiya, cikin shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tseren keke yana gogayya da ƙwallon ƙafa wajen farin jini. Mutane kan cika bakin titi tun da safe domin su ga wucewar 'yan tsere, waɗanda ba su samu zuwa ba kuma su kewaye akwatin rediyo. A wancan zamani babu sunan da ya fi yawo a bakin jama'a kamar na Fausto Coppi, wanda 'yan ƙasarsa suka yi wa laƙabi da Campionissimo, wato zakaran zakaru.

An fi tunawa da Coppi a matsayin mutumin da yake tsere wa kowa ya isa shi kaɗai. Sai dai duk wanda ya bi tarihinsa a tsanake zai tarar da wani makaho mai tausa, da ƙanensa, da bakanike, da wasu abokan tsere da suka sadaukar da ƙarfinsu domin shi ya ci. Wannan maƙala za ta kawo tarihin rayuwarsa, tare da duba yadda horo da haɗin kan ƙungiya suka gina ɗaukakarsa.

Yadda Tseren Keke Yake

Kafin mu shiga tarihin, yana da kyau mai karatu ya fahimci tsarin wasan. Manyan gasanni irin su Giro d'Italia ta Italiya da Tour de France ta Faransa ana yin su ne tsawon mako uku. Ana raba tafiyar zango-zango, kusan kowace rana zango ɗaya, sai a riƙa tara lokacin da kowane ɗan tsere ya ɗauka. Wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ne kan gaba. A Italiya ana ba shi riga mai ruwan hoda, a Faransa kuma riga mai ruwan ɗorawa. Akwai kuma gasanni na yini ɗaya, kamar Milan-San Remo da Paris-Roubaix.

Babban abokin gabar mai tuƙa keke da gudu shi ne iska. Wanda yake gaba shi ke keta ta, wanda ya laɓe a bayansa kuwa yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Wannan ne ya sa ake buƙatar ƙungiya. Kowace ƙungiya tana da jagora guda, sauran kuma aikinsu su tare masa iska, su ɗebo masa ruwa, su ba shi tayarsu idan tasa ta yi faci, su kuma bi sawun duk abokin hamayyar da ya nemi tserewa. Italiyawa suna kiran irin wannan ɗan tsere gregario, kalmar da asalinta ke nufin ƙaramin soja marar igiya. A wannan maƙala za mu kira shi mai hidima.

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Angelo Fausto Coppi ranar 15 ga Satumba, 1919, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Castellania, a lardin Alessandria da ke arewa maso yammacin Italiya. Mahaifinsa Domenico da mahaifiyarsa Angiolina manoma ne, kuma shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar. Autansu Serse, wanda aka haifa a 1923, shi ma ya zama ɗan tseren keke. Fausto ya taso siriri, dogo, marar yawan magana, kuma bai yi nisa a makaranta ba.

Yana da kimanin shekara 13 aka kai shi garin Novi Ligure ya yi aiki a wani kantin sayar da nama da kayan abinci. Aikinsa shi ne kai wa masu saye kaya a kan keke. Wani kawunsa ma'aikacin jirgin ruwa, wanda shi ma sunansa Fausto, ya taimaka da kuɗi aka saya masa keken tsere na farko.

A garin nan ne ya haɗu da Biagio Cavanna, wani makaho mai sana'ar tausa da horar da 'yan tsere, wanda a da ya yi aiki da shahararren gwani Costante Girardengo. Cavanna yakan gane ƙarfin ɗan tsere ta hanyar taɓa tsokar ƙafafunsa da jin bugun zuciyarsa. Ya karɓi yaron cikin almajiransa, ya ɗora shi a kan tsari mai tsanani na tashi da asuba, doguwar tafiya a kan keke, kwanciya da wuri, da kula da abin da yake ci. Dangantakarsu ta ɗore kusan tsawon rayuwar Coppi.

Nasarar Farko da Yaƙi

A shekarar 1940 ƙungiyar Legnano ta ɗauki Coppi domin ya yi wa Gino Bartali hidima. Bartali ya girme shi da shekara biyar, kuma ya riga ya ci Giro sau biyu da Tour sau ɗaya. A farkon gasar Giro ta wannan shekara Bartali ya yi karo da kare ya faɗi, ya ji ciwo, ya yi asarar lokaci mai yawa. Sai shugaban ƙungiyar, Eberardo Pavesi, ya sakar wa sabon yaron mara. A zangon Firenze zuwa Modena, cikin ruwan sama, Coppi ya tsere wa kowa a hawan Abetone, ya karɓi riga mai ruwan hoda. Da ya galabaita a tsaunukan arewa har ya kusa sarewa, Bartali ne ya tsaya ya ƙarfafa masa gwiwa. Haka Coppi ya ci gasar yana da shekara 20, kuma har yau babu wanda ya ci Giro da ƙarancin shekaru kamarsa.

An gama gasar ranar 9 ga Yuni, washegari Italiya ta shiga yaƙi. An ɗauki Coppi aikin soja, amma an bar shi yana tsere na ɗan lokaci. Ranar 7 ga Nuwamba, 1942, a filin tsere na Vigorelli da ke birnin Milan, ya kafa sabon tarihin duniya na nisan da mutum zai yi cikin awa ɗaya. Ya yi kilomita 45 da mita 798, ya ɗara Bafaranshe Maurice Archambaud da mita 31 kacal. Wannan tarihi ya tsaya har 1956, lokacin da Jacques Anquetil ya karya shi.

A 1943 aka tura shi fagen yaƙi a Tunisiya, inda sojojin Ingila suka kama shi. Ya zauna a matsayin fursunan yaƙi har 1945, sannan aka dawo da shi kudancin Italiya. Ba shi da ko keke a lokacin, sai da wata jarida a birnin Napoli ta yi roƙo a madadinsa, wani kafinta ya ba shi nasa. A ƙarshen wannan shekara ya auri Bruna Ciampolini, wadda ta haifa masa 'ya mai suna Marina.

Ƙungiyar Bianchi da Sabon Tsarin Horo

A 1946 Coppi ya koma ƙungiyar Bianchi, mallakar kamfanin ƙera kekuna da Edoardo Bianchi ya kafa a Milan a 1885. 'Yan wannan ƙungiya suna sa riga mai launin sararin sama da fari. Ranar 19 ga Maris na wannan shekara ya ci gasar Milan-San Remo, bayan ya rabu da kowa a hawan Turchino ya yi tafiyar kusan rabin hanya shi kaɗai. Na biyu, Lucien Teisseire, ya iso bayan minti 14. Ga al'ummar da yaƙi ya ɗaiɗaita, wannan nasara ta zama abin share hawaye.

A Bianchi ne Coppi ya gina irin ƙungiyar da yake so. Kafin zamaninsa 'yan tsere da yawa sun yi imani cewa yawan kilomita kawai shi ne horo, kuma sukan cika ciki da nama kafin tsere. Coppi da Cavanna sun sauya wannan. Sun riƙa haɗa doguwar tafiya da gajeren gudu mai tsanani ana maimaitawa, wani lokaci kuma Coppi ya bi bayan babur domin ya saba da gudu mai ƙarfi. Ya rage abinci mai nauyi, ya koma cin kaɗan-kaɗan a kai a kai yayin tsere. Yakan je ya duba hanyar da za a bi tun kafin ranar gasa. Kekensa kuwa yana hannun bakanike Pinella De Grandi, wanda ya yi suna wajen ƙwarewa, yayin da Giovanni Tragella yake jagorantar ƙungiyar daga cikin mota.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne zaɓen masu hidima. Yawancinsu daga yankinsa suka fito, kuma a hannun Cavanna suka samu horo, don haka tare suke atisaye, tare suke ci, sun san halin juna. Fitattu daga cikinsu su ne Ettore Milano da Andrea Carrea, wanda aka fi sani da Sandrino. Carrea ya taɓa zama a sansanin gwale-gwale na Buchenwald a Jamus lokacin yaƙi, ya tsira da ƙyar. Kowannensu ya san aikinsa. Wani zai ja gaba a shimfiɗaɗɗiyar hanya, wani zai ƙara gudu a gindin dutse har abokan hamayya su galabaita, daga nan sai Coppi ya ƙetare su ya tafi. Shi kuma yakan tabbatar sun samu rabonsu na kuɗin kyauta. Ƙanensa Serse yana cikin ƙungiyar, kuma da yake mai fara'a ne, shi ke kwantar wa Fausto hankali, domin Fausto mutum ne mai saurin karaya idan abu ya ɓaci.

Akwai wani ɓangare na shirin da bai kamata a ɓoye ba. Coppi ya amsa da bakinsa a bainar jama'a cewa yana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari na amfetamin, kamar yadda 'yan tsere da yawa na zamaninsa suke yi. A lokacin babu dokar da ta hana. Sai a 1965 Faransa da Beljiyam suka kafa dokokin hana irin waɗannan ƙwayoyi a wasanni.

Gogayya da Bartali

Daga 1946 Italiya ta rabu gida biyu, magoya bayan Coppi da na Bartali. A gidajen shan kofi, da shagunan aski, da wuraren aiki, gardamar ke nan. Ana kallon Bartali a matsayin mutumin gargajiya mai riƙo da addinin Katolika, Coppi kuma mutumin zamani mai bin ilimin kimiyya. Magoya bayan Bartali kan ce Coppi bai kai ko'ina ba in ba don ƙungiyarsa ba, na Coppi kuma su ce iya tsara ƙungiya shi ma gwaninta ne. Bartali ya ci Giro ta 1946, Coppi ya rama a 1947.

Illar wannan gogayya ta fito fili a gasar cin kofin duniya ta 1948 a Valkenburg, ƙasar Holan. Dukansu biyu suna wakiltar Italiya, amma kowa ya tsaya yana gadin ɗan'uwansa don kada ya ci, har sauran suka yi musu nisa, su kuma suka janye. Hukumar wasan ta Italiya ta dakatar da su na wani lokaci.

A 1949 Coppi ya nuna iyakar ƙarfinsa. Ranar 10 ga Yuni, a zangon Cuneo zuwa Pinerolo mai nisan kilomita 254 da manyan tsaunuka biyar, wato Maddalena, Vars, Izoard, Montgenèvre da Sestriere, ya yi tafiyar kilomita 192 shi kaɗai. Bartali ya zo na biyu bayan kusan minti 12. Da aka zo Tour de France, wadda a wancan zamani ƙungiyoyin ƙasashe ke yin ta, dole su biyun su shiga ƙungiya ɗaya. Tsohon gwani Alfredo Binda shi ya zaunar da su ya sasanta su. A zangon Saint-Malo Coppi ya yi karo, kekensa ya lalace, ya koma bayan na kan gaba da fiye da minti 30, har ya yi niyyar komawa gida. Binda da abokansa suka lallashe shi ya ci gaba. A tsaunukan Alps shi da Bartali suka haɗa kai suka tsere wa kowa. Ranar 18 ga Yuli, ranar da Bartali ya cika shekara 35, Coppi ya bar masa nasarar zangon Briançon. Washegari Bartali ya yi faci kuma ya faɗi, sai Binda ya ba Coppi izinin wucewa. Ya ci gasar, Bartali ya zo na biyu, kuma Coppi ya zama mutum na farko da ya ci Giro da Tour a shekara ɗaya.

Rashin Serse da Shekarar 1952

Jikin Coppi mai saurin karaya ne. A 1950, bayan ya ci Paris-Roubaix, ya faɗi a gasar Giro ya karye a ƙashin ƙugu. Amma babbar musiba ta zo ranar 29 ga Yuni, 1951. A kusa da ƙarshen gasar Giro del Piemonte a birnin Torino, tayar Serse ta maƙale a layin dogo na cikin gari, ya faɗi ya buga kai. Ya tashi ya koma masauki, amma bayan 'yan sa'o'i ya rasu. Fausto ya shiga Tour ta wannan shekara zuciyarsa a karye, ya ƙare a matsayi na goma.

A 1952 ya dawo da ƙarfinsa, ya sake cin Giro da Tour tare. A wannan Tour ne wani abu ya faru da ke nuna yadda masu hidimarsa suka ɗauki aikinsu. A zangon Lausanne, ƙasar Suwizalan, Carrea ya bi wasu da suka tsere domin ya kare muradin jagoransa. Da aka lissafa lokaci sai ga shi shi ne kan gaba a gasar baki ɗaya. Ya karɓi riga mai ruwan ɗorawa yana kuka, domin a ganinsa ya ci amanar maigidansa. Coppi ya kwantar masa da hankali ya taya shi murna. Washegari aka hau Alpe d'Huez karo na farko a tarihin gasar, Coppi ya ci zangon, rigar ta dawo hannunsa. Tazarar da ya bayar ta yi yawa har masu shirya gasar suka ƙara kuɗin kyautar matsayi na biyu domin sauran su samu abin fafatawa. Ya ƙare da tazarar minti 28 da daƙiƙa 17 a gaban Stan Ockers ɗan Beljiyam. A wannan gasa ce kuma aka ɗauki sanannen hoton nan nasa da Bartali suna miƙa wa juna gorar ruwa a kan dutse.

A 1953 ya ci Giro karo na biyar, bayan ya ƙwace riga daga hannun Hugo Koblet a hawan Stelvio, mai tsayin fiye da mita 2,700. A watan Agusta kuma ya zama zakaran duniya a Lugano.

Shari'a da Dusashewar Tauraro

A wannan lokaci ne soyayyarsa da Giulia Occhini ta bayyana. Matar wani likita ce, shi ma kuma yana da mata. A Italiya ta wancan zamani babu dokar saki, domin sai a 1970 aka yi ta, kuma zina laifi ne a gaban kotu. An tsare Giulia na wasu kwanaki. A 1955 kotu a Alessandria ta yanke musu hukuncin ɗauri na je-ka-gyara-halinka, shi wata biyu, ita wata uku. Ta je Buenos Aires a Ajantina ta haifi ɗansu Faustino a wannan shekara. Magoya bayansa da yawa sun juya masa baya, kuma dangantakarsa da wasu tsofaffin abokansa ta yi sanyi.

Ƙarfinsa ma ya fara ja da baya. Ya ci Giro di Lombardia karo na biyar a 1954, ya zama zakaran Italiya a 1955, daga nan manyan nasarori suka yi wuya. Duk da haka ya ƙi ajiye keke. A ƙarshen 1959, yana da shekara 40, ya sa hannu zai shiga ƙungiyar San Pellegrino, wadda tsohon abokin hamayyarsa Bartali yake jagoranta.

Tafiya Afirka ta Yamma da Rasuwa

A watan Disamba na 1959 aka gayyaci Coppi da wasu gwanayen Faransa, cikinsu da Jacques Anquetil da Raphaël Géminiani, zuwa ƙasar Haute-Volta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso. An yi tsere a Wagadugu, Anquetil ya zo na ɗaya, Coppi na biyu. Daga nan aka kai baƙin farauta a yankin Fada N'Gourma, garin da ke kan hanyar Wagadugu zuwa Yamai, wanda sunansa ya samo asali daga bakin Hausawa fatake. Coppi da Géminiani sun kwana ɗaki ɗaya, sauro ya yi ta cizonsu.

Bayan sun koma gida dukansu biyu suka kwanta da zazzaɓi. A Faransa an gwada jinin Géminiani, aka gano zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, aka ba shi kwinin, ya warke, ya rayu har 2024. Iyalansa sun buga waya Italiya suka sanar da abin da aka gano, amma likitocin da ke duba Coppi suka tsaya kan cewa mura ce mai tsanani da ciwon huhu. Ya rasu a asibitin Tortona da safiyar ranar 2 ga Janairu, 1960, yana da shekara 40. Dubban mutane sun hau tudun Castellania cikin sanyi domin jana'izarsa, kuma a can aka binne shi kusa da Serse.

Kammalawa

Coppi ya ci Giro d'Italia sau biyar, adadin da Alfredo Binda da Eddy Merckx kaɗai suka kai. Ya ci Tour de France sau biyu, Milan-San Remo sau uku, Giro di Lombardia sau biyar. Tun daga 1965, tsauni mafi tsayi da ake hawa a kowace gasar Giro ana kiransa Cima Coppi, kuma a 2019 aka sauya sunan ƙauyensu ya koma Castellania Coppi.

Gadonsa mafi ɗorewa kuwa shi ne tsarin aiki. Ƙungiyoyin yau suna da masu horarwa, masana abinci, masu tausa da makanikai, kuma kowane ɗan tsere ya san aikinsa tun kafin a tashi. Lokacin da Tadej Pogačar ya ci Giro da Tour tare a 2024, bisa irin wannan tsari ya yi, tsarin da Bianchi ta Coppi tana cikin waɗanda suka fara kafa shi. Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka idan mai karatu ya ji labarin kilomita 192 da Coppi ya yi shi kaɗai a hanyar Pinerolo, ya dace ya tuna da Cavanna, da Serse, da Milano, da De Grandi, da kuma Carrea, wanda ya zauna kusa da Novi Ligure yana riƙe da amanar maigidansa har ya rasu a 2013.